Hannun Wa Ke Cikin Rigar? Ra'ayina Kan Wasan 'Yar Tsana a Afirka ta Yau

A watan Afrilun 2025 wani bidiyo ya yi ta yawo a wayoyin mutane, wanda ya nuna garken namun daji, manya da ƙanana, suna ratsa titunan Legas. Da kwali da siraran katako aka ƙera su, kuma kowace dabba akwai matasan da ke riƙe da ita, wani ya kama kai, wani ya kama ƙafafu, suna tafiyar da ita a hankali har mutum ya manta cewa ba ta da rai. Garken ya taso ne daga Kinshasa, ya bi ta Legas da Dakar, ya tsallaka Turai, a wata tafiya ta kusan kilomita 20,000 da aka shirya domin jan hankalin duniya kan sauyin yanayi.

A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i, wayar ta zagaya hannu-hannu. Wani dattijo ya kalla, ya miƙa ta gaba, ya ce Turawa sun sake kawo mana wasan yaransu. Wani matashi mai zurfin karatu kuma ya ce ai ta haka ake ɓata al'adun Afirka, a yi ta cakuɗa su da na waje har su rasa kamanninsu. Maganganun nan biyu sun tsaya mini a rai, domin kowannensu ya ɗauka cewa abin da muke da shi ko dai babu shi, ko kuwa mai rauni ne da ba zai jure haɗuwa da baƙo ba.

Matsayina shi ne wannan: wasan 'yar tsana tsohuwar sana'a ce a Afirka, kuma cuɗanya da wasu al'ummu tana cikin jininsa tun asali, saboda haka ba na jin tsoron cuɗanyar. Abin da nake ganin ya cancanci a sa masa ido shi ne wanda ke riƙe da 'yar tsanar, wanda ya tsara labarin, da wanda suna da kuɗi ke komawa wurinsa bayan an tashi daga wasa.

Wai baƙon abu ne

Wanda ya ce wasan Turawa ne, ya kamata ya leƙa garin Markala da ke bakin kogin Neja a yankin Segu na ƙasar Mali. A can Bambara da masunta Bozo da Somono suna da wasan da suke kira sogo bo, wato fitowar namun daji. Ƙungiyar samarin gari ce ke shirya shi. Sukan ƙera babban firam mai siffar dabba, su lulluɓe shi da zane ko ciyawa, mutane su shige ciki, kan dabbar yana gaba a kan sanda, sannan ƙananan 'yan tsana su riƙa ɓullowa ta gadon bayanta suna rawa, mata na waƙa, makaɗa na kiɗa. Masunta kuwa a cikin kwale-kwale suke fito da nasu, kifi da kada da dorina, a kan ruwa. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na Markala cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ba sai an je Mali ba ma. A nan Najeriya 'yan ƙabilar Tibi na jihar Binuwai suna da kwagh-hir, wasan dare da ya haɗa tatsuniya da kiɗa da dodanni da sassaƙaƙƙun 'yan tsana masu motsi, waɗanda ake sarrafawa daga cikin wani rufaffen akwati. Shi ma ya shiga wannan jeri a 2019. Ibibiyo na Akwa Ibom suna da nasu wasan 'yar tsana mai suna ekon. Misirawa ma suna da nasu, aragoz.

Mu Hausawa ma ba a bar mu a baya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni takaici a maganar dattijon. Akwai wasan da ake kira dabo-dabo, a Nijar kuma ana ce wa 'yan tsanar ɗiyan dabo. Mai wasan yakan kafa babbar riga a kan sanda ta zama kamar ɗan tanti, ya shige ƙarƙashinta, 'yan tsanar su riƙa leƙowa ta wuyan rigar suna magana da wata siririyar murya, saboda wani ɗan abu da yake sakawa a baki, makaɗinsa kuma yana waje yana amsa musu. Tun a 1935 wani Bature ya rubuta bayanin irin wannan wasa a Borno, inda ake kiransa dogo-dogo. Ni a bakin manya na ji labarinsa, kuma da na tambayi matasan majalisarmu a daren nan, babu ko ɗaya da ya taɓa jin sunan. Abin da muka yasar da hannunmu ne ya dawo mana ta waya, muka kasa gane shi.

Hatta namun dajin da suka ratsa Legas, wasu matasan masu sana'a ne na birnin Cape Town, ƙungiyar Ukwanda, suka tsara ƙirarsu.

Wai cakuɗawa na kashe asali

Hujjar matashin ta fi ta dattijon nauyi, amma ta ginu ne a kan zaton cewa akwai wani zamani da al'ada ta tsaya cak ba ta karɓar komai. Wanda ya san sogo bo ya san cewa samarin unguwanni gasa suke yi wajen fito da sabon abu kowace shekara, kuma ƙungiyar da ta maimaita na bara kaɗai ba ta samun yabo. Ta haka ne Baturen mulkin mallaka a kan dokinsa ya shiga cikin 'yan wasan, daga baya babur da jirgin sama suka biyo, suna fitowa a fili ɗaya da kura da gwanki. Haka masu kwagh-hir suke sassaƙa soja da ɗan sanda da mota. A wurin waɗannan mutane ƙirƙira ita ce gadon.

Akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. A birnin Wagadugu na Burkina Faso yara kan yi wasan dodo a dararen azumi, su sa fuskokin dabbobi su bi gida-gida suna rawa ana ba su sadaka. Fataken Hausawa ne suka kai shi can a ƙarni na 19. Mutanen Mossi suka karɓa, suka sa masa kiɗansu da harshensu, har ya zama abin da ake shirya wa gasa. Babu Bahaushen da zai ce sun ɓata mana tashe, kuma babu ɗan Wagadugu da zai yarda cewa dodo ba nasu ba ne. Idan mun yarda abinmu ya tafi can ya yi jijiya, da wace hujja za mu ce na wasu ba zai zo ya zauna da namu ba?

Misalin da ya fi burge ni a wannan zamani shi ne aikin da aka yi a 2004 tsakanin kamfanin wasan 'yar tsana na Handspring da ke Afirka ta Kudu, wanda Adrian Kohler da Basil Jones suka kafa da abokansu a 1981, da ƙungiyar Sogolon ta Bamako, wadda Yaya Coulibaly ya kafa a 1980. Coulibaly ɗan gado ne, a gidansu ya tashi ya tarar da sana'ar, sannan ya yi karatu a makarantar fasaha ta Bamako, ya kuma je Charleville-Mézières a Faransa ya koyi dabarun wasu ƙasashe. Wasan da suka haɗa, mai suna Tall Horse, labarin wata raƙumar dawa ne da aka kama a Sudan, wadda Muhammad Ali Pasha na Masar ya aika wa Sarki Charles na 10 na Faransa kyauta. An bi da ita ta kogin Nilu, aka sa ta a jirgin ruwa zuwa Marseille, daga nan ta taka da ƙafa har Paris a 1827, jama'a na tururuwar kallonta a hanya.

Abin lura shi ne ta idon wa aka ba da labarin. An ba da shi ne ta idon Atir, mutumin Sudan da ke kula da dabbar, ta yadda Faransawan ne suka zama abin kallo da mamaki. An kuma fito da masu mulki da fadawa cikin siffofin 'yan tsanar Bambara, raƙumar kuwa, mai tsayin kusan mita 5, mutane biyu ne a cikinta a kan ƙafafun katako. Sassaƙar Mali da injiniyancin Cape Town sun haɗu a dandamali ɗaya, kowanne ana gane shi. Wannan cuɗanya ce tsakanin ƙasashen Afirka biyu, abin da masu kukan lalacewar al'ada ba su cika tunawa da shi ba, domin da zarar an ce musayar al'adu sai tunaninsu ya tafi Turai.

Inda nake tare da masu ƙorafi

A nan ne zan daɗe, domin a nan gaskiyar masu suka take.

Shekara 3 bayan wancan wasa, a 2007, Handspring suka ƙera dawakan wasan War Horse a babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, wasan da miliyoyin mutane suka kalla a ƙasashe da dama. A 2021 su ne suka ƙera Amal, 'yar tsana mai tsayin mita 3.5 mai siffar yarinya 'yar gudun hijira daga Siriya, wadda ta yi tafiyar kusan kilomita 8,000 daga Gaziantep ta Turkiyya zuwa Manchester. Sun cancanci yabon da suka samu, kuma su da kansu ba su ɓoye cewa 'yan tsanar Mali sun yi tasiri a aikinsu ba. Sai dai a tambayi mutum ɗari da suka san dokin Landan ko suka ga hoton Amal, a ga nawa ne suka taɓa jin sunan Sogolon ko Markala. Hanyar da suna ke bi a duniya tana da gangare, kuma gangaren ba wajenmu yake kallo ba.

Ba laifin wani mutum ɗaya ba ne. Gidajen wasa masu kuɗi, da 'yan jaridar da ake karantawa ko'ina, da manyan bukukuwa irin na Charleville-Mézières da aka fara tun 1961, duk suna can. Mai sana'a daga Bamako ko Gboko ta ƙasar Tibi sai ya sami gayyata, sai ya sami biza, sai an biya masa kuɗin jirgi da na dakon kaya, kuma wanda ya biya waɗannan yakan so ya faɗi tsawon wasan da abin da za a nuna. Wasan da a gida ake kwana ana yi, mata na amshi, 'yan kallo na shiga fili suna yi wa dodo kirari, sai a matse shi ya koma minti 50 a gaban mutanen da ke zaune shiru a kan kujeru. Abin da ya isa can gangar jiki ce, an baro sauran a gida. Idan aka ci gaba da haka, wata rana mai sassaƙa zai fara sassaƙa abin da baƙo ke so, ya manta da abin da unguwarsu ke so. Hausawa sun riga sun ba irin wannan ciniki suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wata matsalar ta daban da na gani da idona. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta taɓa kawo wasan 'yar tsana makarantar firamaren unguwarmu domin koya wa yara wanke hannu. 'Yan tsanar na soso ne da yadi mai laushi, masu manyan idanu da faffaɗan baki, irin waɗanda ake gani a talabijin. Yara sun yi murna ƙwarai, wata yarinya ma ta matsa har gaban labulen tana miƙa wa ɗaya daga cikinsu hannu domin su gaisa. Amma labarin bai wuce umarni ba, babu wasa da harshe, babu habaici, babu abin da zai sa babba ya tsaya. Da wa'adin tallafin ya ƙare, sai aka zuba 'yan tsanar a buhu aka jefa a sito, matasan da aka horar kuma kowa ya kama gabansa. Bayan wani lokaci na ga ɗaya daga cikinsu a kan tulin tsofaffin kujeru, ɓera ya cinye mata gefen fuska.

Ba ina cewa wasan wayar da kai ba shi da amfani ba. Tun a ƙarshen shekarun 1980 wani mai wannan sana'a, Gary Friedman, ya fita titunan Afirka ta Kudu da manyan 'yan tsana yana faɗakarwa kan cutar ƙanjamau a lokacin da mutane ke jin nauyin ambatonta, kuma wannan aiki ne ya haifar da ƙungiyoyin masu wasan a Kenya waɗanda suka ɗore. Bambancin shi ne a can an bar sana'a a hannun mutane, sun ci gaba da ƙera nasu suna rubuta nasu. A makarantarmu saƙo aka sauke, aka tafi da sana'ar.

Saboda haka idan aka ce mini an yi haɗin gwiwa tsakanin wata ƙungiyar Afirka da ta waje, ba na tambayar ko an cakuɗa salo. Ina tambayar ko sunan mai sassaƙar yana jikin takardar sanarwa, ko an nuna wasan a garinsu kafin a kai shi waje, da kuma ko bayan baƙi sun koma akwai wani ɗaki a garin da ake jin ƙarar gizago a cikinsa. Garin Boromo na Burkina Faso ya ci wannan jarrabawa, domin haɗin gwiwarsu da wata ƙungiyar Faransa ya bar musu masu ƙera manyan 'yan tsana na kansu, masu siffar mutanen garin da tufafinsu, waɗanda ake gayyata bukukuwa a ciki da wajen ƙasar. Haka Werewere Liking, 'yar Kamaru da ta kafa ƙauyen masu fasaha na Ki-Yi a Abijan a 1985, ta ɗauko manyan 'yan tsanar Mali ta saka su cikin wasanninta, ta kuma horar da matasa masu yawa a wurin.

Batun addini

Na san akwai mai karatu da tun daga farkon rubutun nan abin da ke ransa shi ne hukuncin siffanta mai rai. Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da matsayin ba da fatawa. Abin da kowane ɗalibi ya sani shi ne ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da wani doki mai fukafukai na ƙyalle. Ya kuma tabbata cewa sahabbai mata suna yi wa yaransu abin wasa da ulu domin su shagala da shi a ranar azumin Ashura. Malamai sun yi bayani kan iyakar wannan rangwame, sun kuma saɓa a wasu wurare, kuma wurinsu ya kamata mai neman hukunci ya je.

Abin da zan ƙara na tarihi ne. A Alƙahira ta ƙarni na 13 wani likitan ido mai suna Ibn Daniyal ya rubuta wasanni 3 na inuwar 'yan tsana. A daular Usmaniyya wasan inuwar 'yan tsana na Karagoz na dararen Ramadan ne. A Indunusiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi, wasan 'yar tsanarsu na wayang yana nan da ransa. Wajibi ne a raba tsakanin dodon da ake yi wa yanka da tsafi, wanda Musulmi ba shi da haɗi da shi, da ƙyallen da aka sa wa hannu domin a ba yara da manya labari a bainar jama'a, kowa ya san mutum ne a ciki.

Wai muna da matsalolin da suka fi wannan

Gaskiya ne, akwai yunwa, akwai rashin tsaro. Amma wanda ya ɗauki 'yar tsana abin yara kawai bai ga abin da ta yi a Kenya ba. A 2009, bayan rikicin zaɓen da ya ci rayuka fiye da 1,000, mai zanen barkwanci Gado ya fara shirin talabijin na The XYZ Show, inda 'yan tsanar roba masu kamannin shugaban ƙasa da firaminista da ministoci suke faɗin abin da ɗan jarida zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta. Daga shirye-shiryen Faransa da Ingila aka aro salon, amma harshen da dariyar da raɗaɗin duk na Kenya ne.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu. A wasan kara na Damagaram matasa kan yi shigar masu mulki su kwaikwayi halinsu. A tashe yaro kan manna gemun auduga ya faɗa wa tsofaffi abin da ba zai iya faɗa da fuskarsa ba. Mun daɗe da sanin cewa akwai maganar da sai an ɓuya a bayan wani abu take fita lafiya, kuma al'ummar da ke cikin ƙunci ta fi kowa bukatar irin wannan ƙofa.

Hannun da zai yi aikin ma muna da shi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ko tsohuwar unguwa ya ga yaro ya zauna da karan dawa da reza, ya fere ɓawon, ya soka shi cikin totuwa, ya haɗa mota mai ƙofa da sitiyari da tayoyin da ke juyawa. Ya ga yarinya ta ɗauki guntun kara ko ƙashi ta yi masa kitso da zare, ta ɗaura masa zane, ta goya. Tsakanin wannan yaro da matasan da suka ƙera namun dajin kwali a Cape Town babu wani bambancin basira. Su sun sami wanda ya ce musu abin da suke yi sana'a ce, ya ba su wuri da kayan aiki.

Abin da nake so in gani ƙarami ne kuma mai yiwuwa. Sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'inmu, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya wanda ya yi suna wajen kai wasa ƙauyuka, su aika ɗalibai kasuwannin ƙauye na ƙasar Hausa da Borno da Damagaram su nemo tsofaffin da suka taɓa yin dabo-dabo ko suka gan shi, a ɗauki bayaninsu, a koyi yadda ake kafa rigar da yadda ake sauya muryar, tun suna raye. Masu shirya fina-finan Hausa da gidajen talabijin, waɗanda kullum ke neman shirin yara, su gwada ba irin waɗannan ɗalibai minti 10 a mako. Idan kuma za a tura wani matashi koyon sana'ar, kafin a nema masa bizar Faransa a fara sa shi a motar Makurdi ya yi wata 3 wurin masu sassaƙar kwagh-hir, sannan a gayyato ɗaya daga cikinsu Kano ko Zariya, a biya shi kamar yadda za a biya baƙon da ya zo daga Turai, a rubuta sunansa a saman takardar.